Bashin Harajin Gida a Ingila: Ina Iyakar Ikon Belif?

Daga cikin wasiƙun da ke hana mazauna Ingila da Wales barci akwai wadda ke cewa ƙaramar hukuma ta miƙa bashin harajin gida ga belif. 'Yan ƙasa na samun ta, baƙi na samun ta, kuma Hausawan da karatu ko aiki ya kai Landan da sauran biranen Birtaniya ba su tsira ba. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne jita-jitar da ke yawo. Wasu na cewa belif zai ɓalle ƙofa ya kwashe har katifa. Wasu kuma na cewa a yi biris da shi, ba abin da zai iya. Duka maganganun biyu kuskure ne, kuma kowacce ta jawo wa mutane asara: ta farko ta sa su ci bashin ruwa don su sallami wanda doka ba ta ba shi ikon shiga gidansu ba, ta biyu kuma ta sa ƙaramin bashi ya kumbura har ya kai ga cire kuɗi daga albashi.

Kalmomin da ya kamata a sani

Harajin gida, wanda ake ce wa kansil taks, kuɗi ne da ƙaramar hukuma ke karɓa a kan kowane gidan zama don gudanar da ayyuka irin su kwashe shara, kula da tsofaffi da yara marasa galihu, gyaran tituna da ɗakunan karatu, tare da kason 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Galibi wanda ke zaune a gidan ne ke biya, ko mai gida ne ko ɗan haya. Banda gidan da aka yanka ɗaki-ɗaki ana ba mutane daban-daban haya. A nan nauyin yana kan mai gidan.

Belif shi ne jami'in da doka ta ba izinin riƙe kayan wanda ake bi bashi, ya sayar idan ta kama, don a biya. Tun 2014 sunansa a hukumance jami'in tilasta biya, amma tsohon sunan ne ke bakin jama'a. Mafi yawansu ma'aikatan kamfanoni ne masu zaman kansu da ƙananan hukumomi ke ba kwangila. Kowannensu sai ya mallaki takardar shaida daga kotun yanki, wadda ke aiki na shekara 2, kuma akwai rajistar sunayensu a intanet da kowa zai iya dubawa. Belif ba ɗan sanda ba ne, ba ya kama mutum. Haka kuma ya bambanta da ɗan aiken kamfanin karɓar bashi, wanda ba shi da ikon taɓa ko cokali.

Odar tabbatar da bashi ita ce takardar da kotun majistare ke ba ƙaramar hukuma bayan ta gamsu cewa ana bin mutum harajin kuma bai biya ba. Idan babu wannan oda, babu hurumin tura belif.

Asalin harajin da yadda ya yi nauyi

An fara karɓar harajin a watan Afrilu na 1993. Ya maye gurbin harajin kai da gwamnatin Margaret Thatcher ta kawo, wanda ya haddasa tarzoma a Landan a watan Maris na 1990, ya kuma taimaka wajen faɗuwarta a ƙarshen shekarar. Mai karatu daga Arewacin Nijeriya ba zai yi mamakin wannan ba, domin ƙin jinin harajin kai ne ya sa gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali da suka hau mulki a 1979.

A Ingila an kasa gidaje aji takwas, daga A zuwa H, bisa darajar da gidan ke da ita ranar 1 ga Afrilu, 1991. Har yau da wannan tsohon ƙiyasi ake aiki. Wales ta sake nata bisa farashin 2003, ta ƙara aji na tara. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, matsakaicin harajin gidan aji D a Ingila ya kai fam 2,280. Tsarin bai bi ƙarfin aljihu sosai ba: gidan aji H, komai tsadarsa, ninki uku kacal yake biya na abin da gidan aji A ke biya a ƙaramar hukuma ɗaya.

Babban sauyin da ya jefa talakawa cikin bashi ya zo ne a Afrilun 2013. Kafin nan akwai tallafin haraji na ƙasa baki ɗaya, wanda kan ɗauke wa marasa ƙarfi kuɗin gaba ɗaya. Sai aka soke shi, aka ce kowace ƙaramar hukuma a Ingila ta tsara nata, aka kuma rage kuɗin da kashi 10 cikin ɗari. An kare 'yan fansho, don haka ragin ya faɗa kan masu shekarun aiki. Mutanen da ba su taɓa biyan ko kwabo ba suka wayi gari ana neman wani kaso daga gare su. Zuwa watan Maris na 2024, jimillar bashin harajin da ake bi a Ingila ta kai kimanin fam biliyan 6.

Daga biyan wata guda zuwa kotu

A nan ne mutane da yawa ke shan mamaki, saboda saurin da abin ke yi. Bisa al'ada ana biyan harajin kashi 10, daga Afrilu zuwa Janairu, kodayake mutum na da damar neman a raba masa kashi 12. A Ingila, idan ya tsallake biya guda, sai a aiko masa da takardar tunatarwa mai wa'adin kwana 7. Bai biya ba, ya rasa damar biya kaɗan-kaɗan, kuma bayan wasu kwana 7 ana iya neman kuɗin duk shekarar. Wato wanda ya gaza kawo fam 150 a watan Mayu, kafin Yuni ya ƙare ana iya ce masa ya kawo fiye da fam 1,000. Takardar tunatarwa sau biyu kawai ake aikowa a shekara. A karo na uku gargaɗin ƙarshe ne.

Daga nan sai sammaci. Kotun majistare ba ta sauraron uzurin talauci a wannan mataki. Abin da take dubawa kawai shi ne ko harajin na kan mutumin, ko an bi ƙa'idar aika takardu, ko an riga an biya, ko kuma bashin ya wuce shekara 6 ba a nemi oda a kansa ba. Shi ya sa ake amincewa da ɗaruruwan ododi a zama ɗaya. Ana kuma ɗora kuɗin kotu a kan bashin. A Wales an ƙayyade shi kada ya wuce fam 70. Wanda ke jayayya cewa ba shi ya kamata ya biya ba, ko an hana shi rangwamen da ya cancanta, hanyarsa ita ce ya rubuta wa ƙaramar hukuma, idan ba ta gyara ba ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ta ƙiyasin haraji, amma ya ci gaba da biya kafin hukunci.

Da zarar an samu odar, bashin ba ya mutuwa don ya daɗe.

Kuɗin aikin belif

Dokokin da suka fara aiki ranar 6 ga Afrilu, 2014 sun raba aikin belif mataki uku, kowanne da kuɗinsa. A farashin 2014, matakin farko shi ne aiko da takardar sanarwa, fam 75. Na biyu shi ne zuwa gida, fam 235. Na uku kwashe kaya da sayarwa, fam 110. A wannan tsari na 2014, idan bashin ya haura fam 1,500, ana ƙara kashi 7.5 cikin ɗari na abin da ya haura a mataki na biyu da na uku. A 2025 Ma'aikatar Shari'a ta sanar da ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan waɗannan kuɗaɗe, da tsawaita wa'adin sanarwa daga kwana 7 zuwa 14.

A ɗauki bashin fam 900 bisa lissafin 2014. Da isowar takarda ya zama 975. Da belif ya taka ƙofar gida, ko an buɗe masa ko ba a buɗe ba, ya zama 1,210. Aka kai ga gwanjo, 1,320, banda kuɗin ajiya da ladan mai gwanjo. Kuɗin zuwa gida sau ɗaya ake cajinsa, ko da belif ya yi sintiri sau biyar. Amma fam 75 ɗin kowace oda da nata, don haka mai bashin shekara uku zai ga an ninka masa sau uku.

Abin da wannan lissafi ke nunawa a fili yake. 'Yan kwanakin da ke tsakanin isowar takarda da zuwan belif su ne mafi daraja a duk tafiyar. Wanda ya tuntuɓi kamfanin a lokacin, aka amince da tsarin biya, ya tsira da fam 235. Da yawa sun yi asarar wannan kuɗi ne don kawai sun ji tsoron buɗe ambulan.

Abin da doka ta ba shi da abin da ta hana shi

A kan bashin harajin gida, belif ba shi da ikon shiga gida da ƙarfi a zuwan farko. Ba zai fasa ƙofa ba, ba zai shiga ta taga ba, ba zai ture mutum ya wuce ba. Shiga cikin lumana kawai doka ta yarje masa, ta ƙofa, ko dai an ce masa ya shigo ko ya tarar da ita ba a kulle ba. Wannan na biyun ne ake yawan mantawa da shi. Lokacin zuwansa daga ƙarfe 6 na safe ne zuwa 9 na dare, kuma ba zai shiga ba idan yara 'yan ƙasa da shekara 16 ko masu rauni ne kaɗai a gidan. Labaran fasa ƙofa da ake ji galibi sun shafi wasu basussuka ne daban, kamar tarar da kotu ta ci mutum kan laifi.

Saboda haka babu dokar da ta tilasta wa mutum buɗe ƙofa. Yana iya magana ta bayanta, ya nemi a nuna masa shaida, ya karɓi takardu ta ramin wasiƙa, ya biya ta waya ko intanet ya karɓi rasit. Idan aka ga ɗan sanda tare da belif, aikinsa hana rikici ne. Ba huruminsa ba ne ya umarci a buɗe. A ɗaya ɓangaren kuma, kai wa belif hannu ko hana shi aikin da doka ta halatta masa laifi ne.

Rufe ƙofa ba ya kare mota. Idan tana kan titi ko a farfajiyar gida, belif zai iya sa mata mari a taya, daga baya ya ja ta. A aikace mota ce babban abin da suke hari, domin tsofaffin kayan ɗaki ba sa kawo kuɗin kirki a gwanjo. Ba a taɓa motar da ke ɗauke da shuɗin katin naƙasassu kuma mai naƙasa ke amfani da ita, ko wadda aka samu ta shirin Motability na masu naƙasa, ko wadda har yanzu mallakar kamfanin da ya bayar da ita bashi ce.

Ko da ya shiga, akwai kayan da doka ta tsare: tufafi, gadaje da shimfiɗa, murhun girki, firji, injin wanki, tebur da kujerun da za su ishi mutanen gida, kayan jinya da na kula da yara, da dabbobin gida. Haka kayan sana'a ko karatu da darajarsu ba ta wuce fam 1,350 ba. Kayan wani ma ba a ɗauka, sai dai mai su ya nuna hujja, rasit ko takardar rantsuwa. A lura da cewa miji da mata, ko waɗanda suka haɗa sunansu a takardar haya ɗaya, ana iya bin kowannensu cikakken bashin, matuƙar sunansa na kan odar.

Abu mafi haɗari shi ne takardar da belif kan miƙo bayan ya shiga, wato yarjejeniyar riƙe kaya. Zai lissafa talabijin, kwamfuta da makamantansu, ya bar su a gidan bisa sharaɗin za a riƙa biyan kaza duk wata. Wanda ya sa hannu sannan ya saɓa, ya buɗe wa belif hanyar da da ba shi da ita: bayan sanarwar cikakkun kwana 2 zai iya dawowa da mai buɗe makulli ya kwashi kayan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne amincewa da adadin da ya fi ƙarfin mutum, don dai baƙon ya tafi.

Masu rauni, ɗalibai da baƙi

Ƙa'idojin aikin belif na 2014 sun lissafa waɗanda za a iya ɗauka a matsayin masu rauni: tsofaffi, naƙasassu, masu tsananin rashin lafiya, waɗanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, mai renon yara shi kaɗai, masu juna biyu, marasa aikin yi, da waɗanda Turanci ke ba su wahala a ji, a faɗa ko a karatu. Wannan na ƙarshe ya shafi iyalai da yawa da suka zo daga Afirka ta Yamma, musamman matan da kan kasance a gida lokacin da ake ƙwanƙwasa ƙofa. Rauni ba ya goge bashi. Amma yana wajabta wa belif ya ba mutum damar neman shawara kafin ya ɗauki kaya, in ba haka ba ba zai ci kuɗin mataki na biyu ba, kuma hujja ce mai ƙarfi ta roƙon ƙaramar hukuma ta karɓe bashin daga hannun kamfanin. Sai an faɗa a rubuce, da takardar likita ko wata shaida, domin ba za su sani da kansu ba.

Wani kaso na wannan bashi ma bai kamata a ce ya taru ba. Gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci ba ya biyan harajin, amma sai an kai wa ƙaramar hukuma takardar shaida daga jami'a. Da karatu ya ƙare kuma, haraji ya hau, ko da ba a yi bikin yaye ɗalibai ba. Baligi da ke zaune shi kaɗai yana da rangwamen kashi 25 cikin ɗari. Wanda likita ya tabbatar yana da tsananin taɓuwar ƙwaƙwalwa, kamar cutar mantuwa ta tsufa, ba a lissafa shi. Sai dai baƙon da bizarsa ta hana shi cin kuɗin tallafin gwamnati ya yi hattara: tallafin rage haraji na marasa ƙarfi yana cikin abin da aka hana shi, alhali rangwamen zama shi kaɗai da na ɗalibta ba sa ciki.

Idan belif ya dawo hannu rabbana

Masu cewa a kulle ƙofa a yi shiru suna da rabin gaskiya. Ikon belif kan ƙare bayan wata 12 daga ranar sanarwa, kuma idan bai samu komai ba yakan mayar wa ƙaramar hukuma da bashin. Sai dai ita tana da wasu hanyoyin. Tana iya umartar wurin aikin mutum ya riƙa cire kuɗi daga albashinsa ba tare da komawa kotu ba. A Ingila, wanda ke karɓar fiye da fam 2,020 a wata bayan haraji, ana cire kashi 17 cikin ɗari na wannan adadi da rabin duk abin da ya haura. Tana iya cirewa daga kuɗin tallafi. Idan bashin ya kai fam 1,000 tana iya ɗaura shi a kan gidan da mutum ya mallaka, idan ya kai 5,000 ta nemi kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye.

Ƙarshen hanya a Ingila shi ne gidan yari har na wata 3. Ba kasafai ake kai wa nan ba, kuma sai kotu ta binciki samun mutum ta tabbatar da gangan ya ƙi biya ko sakaci ya yi. Wanda ba shi da shi ba a ɗaure shi. Wales ta soke ɗaurin gaba ɗaya daga Afrilun 2019. Sikotland na da nata tsarin da jami'anta daban, Ireland ta Arewa kuma ba ta da wannan haraji.

Muhawarar da ake yi

Ƙananan hukumomi na cewa an rage musu kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ba su tun 2010, ga nauyin kula da tsofaffi na ƙaruwa, kuma duk fam ɗin da ba a karɓo ba wani aiki ne ya tsaya. Suna nuna cewa kusan kashi 96 cikin ɗari na harajin ana biyansa cikin shekararsa, don haka adalci ga masu biya shi ne a bi waɗanda ba su biya ba. Ƙungiyar kamfanonin belif, CIVEA, na cewa dokokin 2014 sun tsabtace sana'ar, kuma jami'ai na ɗaura kyamara a jiki.

Ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi, irin su Citizens Advice da StepChange da Money Advice Trust, na ganin abin daban. Binciken Money Advice Trust ya nuna an miƙa wa belif basussukan harajin gida kimanin miliyan 1.3 a Ingila da Wales a shekarar 2022 zuwa 2023. A cewarsu mafi yawan waɗannan mutane kasawa suka yi, kuma ana yawan samun jami'an da ke barazanar abin da ba su da ikon yi ko suke ƙin karɓar tayin biya mai ma'ana. An kafa hukumar sa ido mai suna Enforcement Conduct Board a 2022, amma an kafa ta ne ba da ƙarfin doka ba, kamfanoni ke shiga da kansu. Ƙaramar hukumar Hammersmith da Fulham a Landan ta daina tura belif kan wannan haraji a 2018. A 2025 gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a kan sassauta matakan karɓar harajin a Ingila.

Idan aka auna, hujjar ƙananan hukumomi ta tsaya a kan wajibcin karɓar haraji, amma ba ta kare saurin da ake yi ba. Babu banki ko kamfanin katin bashi a Birtaniya da aka yarda ya nemi kuɗin shekara guda makonni kaɗan bayan an tsallake biyan wata ɗaya. Ɗora fam 310, bisa lissafin 2014, a kan wanda fam 150 ya gagara ba ya kawo kuɗin da wuri, sau da yawa ma sai ya tura shi ga masu ba da bashi da ruwa.

Matakan da ke rage asara

A tsarin bashi na Birtaniya, harajin gida na sahun gaba tare da kuɗin haya da na wuta, gaban katin bashi. Wanda ya shiga matsi ya fara da rubuta abin da ke shigo masa da abin da ke fita, ya aika wa kamfanin belif da ƙaramar hukuma tayin abin da zai iya ɗorewa a kai, ya fara biya ko ba su amsa ba, ya kuma ci gaba da biyan harajin bana don kada wata oda ta biyo baya. Dokar 1992 da ta kafa harajin, a sashe na 13A, ta ba ƙaramar hukuma ikon rage bashi ko yafe shi ga wanda ke cikin tsananin ƙunci; ba a cika tallata wannan ba, sai wanda ya nema. Tun Mayun 2021 kuma akwai shirin Breathing Space, wanda ke dakatar da belif da ƙarin kuɗi na kwana 60, kuma ta hannun mai ba da shawara kan bashi ake shiga.

Idan belif ya wuce gona da iri, a rubuta rana da lokaci da sunansa, a kai ƙorafi ga kamfaninsa da ƙaramar hukumar da ta turo shi, domin ita ke da alhakin abin da wakilinta ya yi. Idan ba a gamsu ba, akwai ofishin sauraron koke kan ƙananan hukumomi, kuma kotun da ta ba shi shaida na iya ƙwace ta. Shawarar National Debtline da StepChange da Citizens Advice kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Duk wanda takardar sanarwa ta iso masa, ya kira ɗaya daga cikinsu a ranar, tun kafin wa'adin ya cika.